Henryk Kasperczak: Kocin da Ake Nema Idan Ƙungiya ta Rushe

Duk wanda ya kalli gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 1994 a Tunisiya zai iya tuna wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Najeriya da Kwaddebuwa. Sau biyu Michel Bassolé yana sa Kwaddebuwa a gaba, sau biyu Najeriya tana farkewa, da farko ta ƙafar Ben Iroha bayan Jay-Jay Okocha ya tura masa ƙwallo da dunduniya, daga baya kuma ta ƙafar Rashidi Yekini. An tashi 2-2 har bayan ƙarin lokaci, sai bugun fenariti ya raba gardama da ci 4-2. Kowa ya san Clemens Westerhof ne ke zaune a bencin Najeriya a ranar, amma kaɗan ne za su iya kawo sunan mutumin da ke ɗaya bencin. Henryk Kasperczak ne, ɗan ƙasar Poland, kuma wannan ce gasarsa ta farko cikin bakwai da ya halarta a matsayin koci, tare da ƙasashe huɗu daban-daban, tsakanin 1994 da 2017.

Idan aka auna shi da yawan kofuna, abin da ya tara cikin kusan shekara 40 na horarwa bai taka kara ya karya ba: kofin Faransa guda, kambun gasar Poland biyu, kofin Poland biyu, kuma bai taɓa ɗaukar kofin Afirka ba. Duk da haka hukumomi da ƙungiyoyi ba su daina neman sa ba har ya haura shekara 70, wasu ma sun sake kiran sa bayan sun rabu da shi. Abin da ya kamata a fahimta shi ne dalilin wannan nema, domin ta nan ne za a gane irin aikin da ya ƙware a kai, da inda ƙwarewar ta tsaya. A ganina, Kasperczak magini ne da ake kira bayan damina ta zubar da katanga, ya tayar da ita, galibi kuma ba ya nan lokacin da za a tare a gidan.

An haife shi ranar 10 ga Yuli, 1946 a Zabrze, garin haƙar kwal da ke yankin Silesia a kudancin Poland, sai dai a Mielec ya yi suna. Mielec ƙaramin gari ne wanda rayuwarsa ta rataya ga masana'antar ƙera jiragen sama ta gwamnati, kuma ƙungiyar Stal Mielec a ƙarƙashin inuwar wannan masana'anta take. Haka tsarin yake a zamanin mulkin gurguzu: a takarda babu ƙwararren ɗan wasa, kowa ma'aikaci ne na wata masana'anta ko mahaƙa, ko kuma soja ko ɗan sanda, alhali aikinsa na yau da kullum atisaye ne da wasa. A wannan ƙaramin gari aka haɗa ƙungiyar da ta ɗauki kambun Poland a 1973 da 1976, Kasperczak yana tsakiya, Grzegorz Lato da Jan Domarski suna gaba.

Su ukun suna cikin fili a Wembley ranar 17 ga Oktoba, 1973, lokacin da Poland ta yi kunnen doki 1-1 da Ingila ta hana ta zuwa gasar cin kofin duniya. Domarski ne ya ci ƙwallon, mai tsaron raga Jan Tomaszewski kuma ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa. A gasar 1974 da aka yi a Jamus ta Yamma, tawagar Kazimierz Górski ta doke Ajantina 3-2, ta lallasa Haiti 7-0, sannan ta fitar da Italiya da ci 2-1, kuma duka ƙwallayen biyu daga ƙafar Kasperczak suka fito kafin Andrzej Szarmach da Kazimierz Deyna su zura su. Masu masauƙi ne kaɗai suka doke Poland, da ci 1-0 a filin Frankfurt da ruwan sama ya mayar fadama, sannan Poland ta doke Brazil ta zo ta uku. Bayan shekara biyu ya samu lambar azurfa a wasannin Olamfik na Montreal, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Poland na 1976. Wasa 61 ya buga wa ƙasarsa, ya ci ƙwallo biyar kacal, abin da ke nuna irin ɗan wasan da yake: mai gudu ba gajiya, mai ƙwato ƙwallo ya miƙa wa wanda zai ci, mai rufe gurbin da gwanaye irin su Deyna suka bari. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki a fili, idonsa kan saba da ganin ƙungiya gaba ɗaya, kuma ina ganin daga nan ya samo abin da ya ci abinci da shi daga baya.

Hukumomin Poland na wancan lokaci ba sa barin ɗan wasa ya fita waje sai ya kai kimanin shekara 30, wato sai ƙarfinsa ya fara ja baya. Saboda haka sai bayan gasar 1978 ta Ajantina, yana da shekara 32, ya koma Metz a Faransa. Shekara guda ya yi yana wasa, a 1979 aka miƙa masa horar da ƙungiyar. Wannan jinkiri da ya rage masa shekarun wasa a Turai ta Yamma shi ne ya jefa shi aikin koci da wuri, a ƙasar da harshenta zai buɗe masa ƙofar rabin Afirka.

Shekarunsa a Faransa sun cancanci a dakata a kansu, domin a nan siffar aikinsa ta fara bayyana. Metz ƙungiya ce mai ƙaramin ƙarfi a yankin Lorraine, inda masana'antun ƙarfe ke rufewa, dubban ma'aikata suna rasa abin yi. A cikin wannan ƙunci ne, a watan Mayun 1984, Metz ta doke Monaco 2-0 bayan ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na kofin Faransa, wanda shi ne babban kofi na farko a tarihinta. Kasperczak ya tafi a wannan bazarar. Bayan 'yan watanni, kusan waɗannan 'yan wasan da ya haɗa suka je gidan Barcelona suka ci 4-1 suka fitar da ita daga gasar Turai, ƙarƙashin Marcel Husson. Shi kuwa a lokacin yana Saint-Étienne, wani garin kwal, inda ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukar kambun Faransa a wancan zamani ta faɗa rukuni na biyu bayan badaƙalar asusun ɓoye da ta tarwatsa shugabancinta. Ya mayar da ita rukuni na ɗaya a 1986. Ya yi wa Strasbourg irin wannan aiki a 1988. Daga nan ya karɓi Racing ta birnin Paris daidai lokacin da kamfanin Matra, mai ɗaukar nauyinta, ya janye kuɗinsa manyan 'yan wasa suka watse, ya kai matasan da suka rage wasan ƙarshe na kofin Faransa a 1990 bayan sun fitar da Marseille a gidanta, duk da cewa a wannan kaka ƙungiyar ta faɗi daga rukuni na ɗaya. Montpellier da ta doke shi a wasan ƙarshen ita ce ta ɗauke shi, kuma da ita ya fitar da PSV Eindhoven da Steaua Bucharest a gasar Turai ta masu riƙe da kofi, kafin Manchester United ta tsayar da su a zagayen kwata fainal a 1991. Cikin 'yan wasansa a can akwai Laurent Blanc da Carlos Valderrama na Kolombiya.

Ba a taɓa ba shi Marseille ko Monaco ko Bordeaux na lokacin da suke da kuɗi ba. Kasuwar Faransa ta riga ta yi masa matsayi, na wanda ake damƙa wa ƙungiyar da ba ta da kuɗi ko ta shiga rikici, kuma da wannan suna ya shigo Afirka a 1993.

Zuwansa bai zama baƙon abu ba, domin hanyoyi biyu ne suka haɗu a kansa. Tun shekarun 1970 ƙasashen Arewacin Afirka ke ɗaukar masu horarwa daga Gabashin Turai, saboda alaƙar gwamnatoci, da sauƙin albashinsu, da kuma sunan da suka yi wajen tsananta atisaye da ladabtarwa. Stefan Żywotko ya shafe shekara 14 a JS Kabylie ta Aljeriya, inda ƙungiyar ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1981 da 1990. Ryszard Kulesza da Antoni Piechniczek duka sun riƙe tawagar Tunisiya a shekarun 1980. Hanya ta biyu ita ce ta Faransa, domin hukumomin ƙwallo a Abidjan da Bamako da Dakar can suke fara leƙawa idan suna neman koci, kuma a gasar Faransa yawancin manyan 'yan wasansu ke taka leda. Kasperczak ya haɗa duka biyun: tarbiyyar Poland, da harshen Faransanci da sanin kasuwar 'yan wasanta. Ba kowa ke da wannan ba.

A Kwaddebuwa ya gaji tawagar da ke riƙe da kofin 1992, ya fitar da Ghana a kwata fainal, Najeriya ta tare shi, ya doke Mali 3-1 ya zo na uku. Wannan sakamako ne mai kyau, amma abin da ya fi muhimmanci ga makomarsa shi ne abin da ya samu masu masauƙi a idonsa. Tunisiya ta sha kashi 2-0 a hannun Mali a wasan buɗe gasa, aka kori koci Youssef Zouaoui nan take, aka kuma yi waje da ita tun a zagayen rukuni a gaban jama'arta. Bayan gasar hukumar ƙwallon ƙasar ta miƙa masa ragowar.

Shekaru huɗun da ya yi a Tunisiya su ne mafi girman aikinsa a Afirka, kuma a nan ake ganin yadda yake gyara. Ya ajiye da yawa daga cikin tsofaffin 'yan wasa, ya gina tawagar a kan matasan da ke wasa a gida, a Espérance da Étoile du Sahel da Club Africain da Sfaxien, irin su Zoubeir Baya, Adel Sellimi, Khaled Badra, Riadh Bouazizi da Kaies Ghodhbane, tare da Chokri El Ouaer a raga. Amfanin dogaro da 'yan gida a fili yake: kocin ƙasa wanda 'yan wasansa ke Turai ba ya samun su sai na 'yan kwanaki kafin wasa, shi kuwa yana iya tara nasa a sansani akai-akai, ya maimaita musu tsari har ya zauna, kamar dai yana horar da kulob. A gasar 1996 ta Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ta ƙaurace wa a zamanin Janar Abacha, Tunisiya ta fara da canjaras da Mozambik da rashin nasara a hannun Ghana, sannan ta doke Kwaddebuwa 3-1, ta wuce Gabon da fenariti, ta ci Zambiya 4-2 a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 3 ga Fabrairu a Johannesburg ta riƙe masu masauƙi fiye da minti 70, kafin Mark Williams ya zura biyu cikin minti biyu. Ƙasar da ta kasa fita daga rukuni a gidanta ta kai wasan ƙarshe cikin ƙasa da shekara biyu. Daga nan ta sha gaban Masar ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 1998, karo na farko tun 1978, gasar da Kasperczak yana cikin tawagar Poland da ta doke Tunisiya 1-0 a rukuni.

Yadda aka rabu da shi bai dace da aikin ba. A gasar, wadda aka yi a Faransa, Ingila ta ci Tunisiya 2-0 a Marseille, sannan Kolombiya ta ci 1-0 a Montpellier, a filin da ya yi shekara biyu yana aiki, kuma tsohon ɗan wasansa Valderrama ne ya miƙa wa Léider Preciado ƙwallon ana saura 'yan mintuna a tashi. Hukumar ba ta jira wasa na uku ba, ta sallame shi ta ɗora mataimakinsa Ali Selmi, wanda ya yi 1-1 da Romaniya. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba a wannan gasa, domin Saudiyya ta kori Carlos Alberto Parreira, Koriya ta Kudu ma ta kori Cha Bum-kun. Duk da haka, korar koci ana saura wasa guda ba ta gyara komai a fili, amfaninta kawai ta nuna wa jama'a wanda za su ɗora wa laifi. Bayan shekara shida, lokacin da Tunisiya ta ɗauki kofin Afirka a 2004 ƙarƙashin Roger Lemerre, Badra da Bouazizi da Ghodhbane suna cikin ƙashin bayan tawagar.

Bastia, da Maroko, da wata ƙungiya a birnin Shenyang na ƙasar Sin, duk gajerun zama ne da ba su bar wani abin faɗi ba. Mali ce ta dawo da shi kan irin aikin da ya iya. Ƙasar za ta karɓi baƙuncin gasar kofin Afirka ta 2002, tana kuma da matasan da suka zo na uku a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Najeriya a 1999, inda aka zaɓi Seydou Keita gwarzon gasa. Da Keita da Mahamadou Diarra da takwarorinsu ya yi 1-1 da Laberiya ta George Weah, ya yi canjaras babu ci da Najeriya, ya doke Aljeriya da Afirka ta Kudu kowacce 2-0, har Kamaru ta tsayar da shi da ci 3-0. A wasan neman na uku a Mopti, Najeriya ta Shuaibu Amodu ta ci 1-0 ta ƙafar Yakubu Aiyegbeni. Ke nan sau uku yana kai wa zagayen kusa da na ƙarshe da ƙasashe uku mabambanta.

Sai a 2002, bayan shekara 24 da barin gida, wata ƙungiyar Poland ta ba shi aiki. Wisła Kraków ta bambanta da duk inda ya taɓa zama, domin a karon farko ya samu ƙungiyar da ta fi abokan hamayyarta kuɗi, albarkacin Bogusław Cupiał, mai kamfanin wayoyin lantarki na Tele-Fonika. Masu cewa Kasperczak bai iya komai ba sai tsaron gida ya kamata su duba abin da ya yi da ita. Wisła ta riƙa kai hari ta gefe biyu da sauri, Kamil Kosowski a hagu, Kalu Uche ɗan Najeriya a dama, Mirosław Szymkowiak yana rabon ƙwallo a tsakiya, Maciej Żurawski da Marcin Kuźba ko Tomasz Frankowski a gaba. Ta ɗauki kofin Poland a 2002, ta haɗa kofi da kambu a 2003, ta sake ɗaukar kambu a 2004. A gasar kofin UEFA ta kakar 2002 zuwa 2003 ta sha kashi 2-1 a gidan Parma, ta rama da 4-1 a Kraków bayan ƙarin lokaci, sannan ta je Gelsenkirchen ta ci Schalke 4-1, Uche yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo. A birnin Rum ta yi 3-3 da Lazio. Wasa na biyu sai da aka ɗage shi saboda filin Kraków ya daskare, da aka buga kuma Wisła ce ta fara ci, kafin Lazio ta farke ta ƙara, aka tashi 2-1. Magoya bayan ƙwallo a Poland har yanzu suna ambaton wannan kaka idan ana zancen ƙungiyoyinsu mafi kyau tun bayan rushewar gurguzu.

To amma abin da mai ƙungiya yake so shi ne shiga zagayen rukuni na gasar zakarun Turai, inda kuɗin yake, kuma nan ne aka gaza. Anderlecht ta tare hanya a 2003, Real Madrid ta tare a 2004. Waɗannan ana iya yi musu uzuri. Waɗanda ba su da uzuri su ne fitar da Vålerenga ta Norway ta yi wa Wisła a kofin UEFA, da kuma wadda Dinamo Tbilisi ta Jojiya ta yi mata a shekarar da ta biyo. A ƙarshen 2004 aka raba gari, ƙungiyar tana saman teburi, kuma ta ƙarasa kakar da kambu a hannun wasu.

Daga nan labarin ya sauya, kuma adalci ya sa a faɗi hakan ba tare da kwana-kwana ba. Senegal da ya karɓa a 2006 ba rusasshiyar tawaga ba ce mai neman wanda zai tashe ta. Tawaga ce ta taurari, El Hadji Diouf, Henri Camara, Mamadou Niang, Papa Bouba Diop, waɗanda da yawansu sun kai kwata fainal a gasar duniya ta 2002, suna karɓar albashi mai tsoka a Ingila da Faransa, kuma ba sa ganin akwai wanda zai koya musu sabon abu. Hanyar da ta yi aiki a kan matasan Tunisiya da na Mali, wato dogon sansani da maimaici da biyayya, ba ta da wurin zama a nan. A gasar 2008 ta Ghana, Senegal ta yi 2-2 da Tunisiya a Tamale, sannan ta fara cin Angola amma aka tashi 3-1, Manucho ya zura biyu. Kasperczak ya ajiye aiki tun kafin wasa na uku, Lamine Ndiaye ya ƙarasa. Wasu sun ɗauki murabus ɗin a matsayin ɗaukar alhaki, wasu suka ce gudu ne ana tsakiyar yaƙi. Na fi karkata ga cewa ya gane maganarsa ta daina tasiri a ɗakin sauya kaya, sai dai hakan bai wanke shi ba, domin shawo kan manyan 'yan wasa yana cikin aikin koci, kuma ya samu kusan shekara biyu domin yin hakan.

Komawarsa garin haihuwa ta fi wannan ciwo. Górnik Zabrze, mai kambun Poland 14, ta kira shi a 2008 tana cikin matsala, wato daidai irin aikin da aka san shi da shi, amma a 2009 ta faɗa rukuni na biyu a hannunsa. A watan Maris na 2010 Wisła ta sake ɗaukar sa domin ya ƙarasa mata kaka, kambu yana hannunta har zuwa wasa na biyun ƙarshe, inda ɗan bayanta Mariusz Jop ya ci gida a cikin mintunan ƙari a karawar hamayya da Cracovia, Lech Poznań ta wuce ta ɗauka. Cin gida ba laifin koci ba ne, amma fitar da Qarabağ ta Azarbaijan ta yi musu a watan Agusta, gida da waje, ba tsautsayi ba ne, kuma a kansa ya yi murabus. Ya ɗan zauna a Kavala ta Girka, aka daina jin ɗuriyarsa na wani lokaci.

Akwai dalilin da ya wuce tsufa a wannan koma baya. Fifikon da masu horarwa irinsa suke da shi a shekarun 1980 da 1990 ya ginu ne a kan abubuwan da ba kowa ke da su ba a lokacin: tsararren atisayen ƙarfin jiki, nazarin abokin karawa, da tsayayyen tsari a fili. Zuwa 2010 waɗannan sun zama ruwan dare, ƙungiya daga Azarbaijan ko tawagar Angola ma tana da su. Haka kuma 'yan wasan Afirka sun riƙa tafiya Turai tun suna ƙanana, saboda haka kocin ƙasa ya rasa dogon lokacin da yake samu da su, aikinsa ya koma na zaɓe da lallashi da sasanta manya cikin kwana huɗu ko biyar. Sana'ar ce ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa.

Duk da haka Mali ta sake kiran sa a ƙarshen 2013, kuma abin da ya same shi a gasar 2015 ta Equatorial Guinea ba shi da alaƙa da iyawa ko rashinta. Mali ta yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Kwaddebuwa, 1-1 da Gini, a wasan da Keita, wanda yanzu shi ne kyaftin kuma dattijon tawaga, ya ɓarar da fenariti. Mali da Gini suka yi daidai a maki da yawan ƙwallaye da komai, dokar gasar kuma ta ce a yi ƙuri'a ta canki-canka. A wani otal a Malabo aka zaro sunan Gini. Tawagar da babu wanda ya doke ta, wadda ta riƙe ƙasar da ta ɗauki kofin a ƙarshe, ta koma gida saboda abin da aka zaro daga cikin kwano. Rabon da a yi haka a gasar tun 1988, kuma abin kunya ne ga hukumar ƙwallon Afirka cewa ba ta tanadi wata hanya ta wasa ba, ko da ƙidayar katin gargaɗi ce.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa hukumomi ke komawa gare shi, su bar 'yan ƙasa. Wani ɓangare na amsar yabo ne gare shi: an san ba ya shigowa da rigima, ya san nahiyar, ya san yadda ake shirya tawaga domin gasar mako uku, kuma ba ya tsada kamar manyan sunayen Turai. Ɗaya ɓangaren kuwa ba yabo ba ne ga kowa. Baƙon koci ba shi da ƙungiya ko yanki ko dangi a cikin ƙasa, saboda haka ɗaukar sa na kashe gardamar cikin gida, korar sa kuma ba ta jawo wa shugabannin hukuma wata asara ta siyasa. Wannan ne ya sa ake kiran irinsu cikin gaggawa, ake kuma sallamar su cikin gaggawa. A daidai waɗannan shekaru Hassan Shehata ya ɗauki kofin Afirka sau uku a jere da Masar, Stephen Keshi ya ɗauka da Najeriya a 2013, abin da ya nuna cewa ɗan gida na iya yin aikin idan aka ba shi lokaci da goyon bayan da ake ba baƙo. A nasa gidan kuwa abin ya juye masa, domin duk da gogewar da ya tara da tawagogin ƙasashe biyar, hukumar ƙwallon Poland ba ta taɓa damƙa masa tawagar ƙasar ba, har a shekarun 2008 zuwa 2012 da abokin wasansa na Mielec, Lato, yake shugabancinta.

Aikinsa na ƙarshe a babban mataki shi ne komawa Tunisiya a 2015. A gasar 2017 ta Gabon, yana da shekara 70, tawagarsa ta sha kashi 2-0 a hannun Senegal, ta doke Aljeriya 2-1 da Zimbabwe 4-2 da wasa mai armashi, sannan Burkina Faso ta fitar da ita a kwata fainal da ƙwallayen Aristide Bancé da Préjuce Nakoulma a mintunan ƙarshe. Burkina Faso ɗin ce ta fitar da shi a daidai wannan mataki a 1998. Bayan rashin nasara a wasannin sada zumunta biyu da Kamaru da Maroko a watan Maris, hukumar ta sallame shi a Afrilu ta naɗa Nabil Maâloul. A lokacin Tunisiya ta riga ta buga wasa biyu a zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar duniya ta 2018, ta doke Gini 2-0 da Libiya 1-0. Ta ƙare rukunin da maki 14, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo tana biye da 13, kuma shida daga cikin makin da suka kai ta Rasha a zamanin Kasperczak aka same su.